Rufin da Ya Sauko da Kansa

An yi wani mutum mai ɗora farantan sola, masu ba da wutar lantarki, a kan rufin kwano, ana ce masa Nan-take saboda saurinsa. Kafin shayin mai gida ya huce, ya sauko daga tsani yana kaɗe wando.

Ya 'yan uwa, saurin nan ha'inci ne. Aikin gaskiya shi ne a lalubi katakon da ke ƙarƙashin kwano, a huda kan tudun kwanon, a sa robar da ke hana yoyo, a ɗaure da ƙusa. Shi kuwa duk inda hannunsa ya faɗa nan yake hudawa, har cikin kwarin da ruwa ke bi. Ƙusa ta kama kwano kawai, ba katako. Wa zai hau ya duba? Sai ya ɗauko jan fenti ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a bayan kowane faranti, wai kada wani ya ci da guminsa.

Akwai wata tela da mijinta ya rasu, da keken ɗinki take riƙe yaranta. Ita ma Nan-take ne ya ɗora mata sola. Ruwan farko, rufinta ya yi yoyo a kan leshin mutane. Ta je shagonsa ta faɗa masa a hankali. Ya kalli abokansa ya yi dariya.

"Inna, kwanonki ne ya tsufa. In aikina ne, ga tsani, hau ki nuna min."

Ya san ba za ta iya ba. Ta ce, "Allah yana sama da rufin," ta juya. Masu kaya suka fara janye ɗinkinsu, ana cewa ba ta da kula.

Rannan da la'asar hadari ya taso. Iska ta shiga ƙarƙashin farantan nan, ta fizge su gida-gida kamar ana cire hula. Na telar ya tashi da fallen kwanonsa, ya faɗo tsakiyar layi a kife. Allah ya tsare, bai taɓa kowa ba.

Da ruwa ya ɗauke, unguwa ta fito. Ga ƙusoshi a tsaye, ba roba, ba ko ɓurɓushin katako. Ga jan fenti yana kallon sama. Aka kamo Nan-take yana raɓe-raɓe. Telar ta gyara mayafi ta ce, "Ɗana, ƙafata ba ta iya tsani. To ga shi ya sauko, zo in nuna maka."

Layi ya ɗauki kabbara! Washegari leshi ya dawo mata har ba wurin ajiyewa. Shi kuwa ya rufe shago, tsaninsa ma sai da ya sayar.

Ya 'yan uwa, wane aiki ne kuke yi inda ido ba ya kaiwa? Ku sani sunanku na rubuce a bayansa, kuma akwai ranar da za a kife shi.

Allah ya kiyaye mu da ha'inci, ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau. Amin.