Maigidan da Ya Rufe Warin Gas da Turare

Akwai wani maigida da ya sayi murhun gashin nama mai aiki da gas. Tun da murhun nan ya shigo gidan, kunnen maƙwabta bai huta ba. Ko gaisuwa ka je yi, sai ya ja ka ka ga murhu. Da lokacin godiyar kaka ya zo, ya yanka rago, ya gayyaci dattawan ikilisiya su zo su ci gashi marar hayaƙi.

Da safe ya kai tukunyar gas ɗinsa wurin masu cikawa. Bayan an cika ta, mai gas ya shafa kumfar sabulu a bakinta, sai ga kumfa tana tashi. Ya ce, "Maigida, bakin tukunyar nan yana yoyo. Ka bar ta a gyara, gobe ka ɗauka."

Mutumin ya ce, "Gobe? Baƙina yau za su zo." Ya tsinci guntun roba a ƙasa, ya ɗaure bakin tukunyar tamau, ya ɗora ta a babur ya tafi. Da ya isa gida bai faɗa wa kowa ba.

Da rana ta yi sai hadari ya haɗo, aka kece da ruwa. Ya ja murhu da tukunya cikin ɗakin girki, ya rufe taga don kada feshi ya taɓa naman. Ba a jima ba wari ya cika ɗakin, har ya fara fitowa tsakar gida.

Matarsa ta fito daga wanka, ta toshe hanci ta ce, "Baban yara, wane irin wari ne wannan kamar ruɓaɓɓen ƙwai?"

Ya san amsar sarai. Amma in ya faɗa, dole a fitar da tukunya, a fasa gashi, dattawa su koma suna cewa murhun da aka cika su da labarinsa ko tsoka ɗaya bai gasa ba. Kunyar wannan ta fi masa komai nauyi. Sai ya ce, "Lambatu ne ruwa ya tayar. Yi sauri ki sa turare kafin su iso."

A daidai lokacin aka yi sallama. Ya gyara hularsa ya fita ƙofar gida yana washe baki.

Matar nan ba ta saba musu da mijinta ba, ba ta kuma da dalilin zargin ya yi mata ƙarya. Ta ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta nufi inda warin ya fi ƙarfi. Ta tura ƙofar ɗakin girki.

Hannun maigida yana cikin na wani dattijo suna gaisawa sa'ad da ƙarar fashewar gas ta tashi. Shi ko gashin girarsa bai ƙone ba. Dattawan da ya gayyata cin nama, su ne suka ɗauki gawarta washegari.

To, 'yan'uwa, ku ji ma'anar misalin. Tukunya mai yoyo ita ce zunubin da ka sani, aka ma nuna maka, ka ɗaure shi da roba ka shigo da shi gida. Gas da kansa ba shi da wari, masu yin sa ne suke sa masa da gangan domin mutane su tsira. Haka Ubangiji cikin jinƙansa ya sa wa zunubi wari, wato lamirin nan da yake hana ka sakewa. Turaren kuwa shi ne babbar rigar Lahadi, da ɗaga murya a waƙa, da doguwar addu'a a gaban jama'a, in an yi su don rufe abin da ya kamata a furta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mai ɓoye zunubi yakan ce, "Ai kaina kaɗai nake cuta." Ƙarya ce. Sau da yawa wuta takan bar mai laifi a tsaye, ta ci wanda ya amince da shi: mata, 'ya'ya, aboki.

Wani a cikinku yana jin warin nan yanzu. Kada ka jira wata Lahadi. Ka tuba a gaban Allah, ka koma gida ka faɗi gaskiya, tun mutanen gidanka suna da rai su ji ta.