Wayar da Gwani Ya Naɗa wa Matarsa

Akwai wani mai gyaran injinan lantarki da kowa a layinsu ke kira Gwani, kuma ya ci sunan. Fanka ta ƙone ko injin ruwa ya tsaya, a kai masa kawai. Zai warware tsohuwar waya, ya naɗa sabuwa ta jan ƙarfe, ka ji abu ya tashi garau. Aibinsa ɗaya ne, ba a gaya masa magana. Ka ce masa abu ba zai gyaru ba, to ka tsokano shi ke nan.

Ana nan sai matarsa ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. A asibiti aka yi gwaji, aka ce ciwon daji ne, amma an gano shi da wuri. Likitar ta ce za a fara da ƙarin ruwan magani, daga baya a yi aiki.

Zagayen farko ya ba ta wuya sosai. Ga amai, ga kasala, ga gashi na zuba a kan matashi. Gwani yakan tsaya bakin ƙofa riƙe da roba, ya rasa inda zai sa kansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Wata rana yana shago sai ya ci karo da wani rubutu a wayarsa. Wai masu bincike sun zuba ƙwayoyin ciwon daji a ɗan farantin gilas, sun ajiye shi cikin naɗin waya mai fitar da maganaɗisu marar ƙarfi, sai suka ga haɓakar ƙwayoyin ta ragu. Har da hoto. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya ƙura masa ido, sai ya yi dariya.

"To ai wannan aikina ne," in ji shi.

Kwana uku ya rufe shago. Ya lanƙwasa bututun roba ya yi zobe daidai ƙirjin mutum, ya naɗa waya yana ƙirga zagaye, ya shafe da fenti, ya haɗa masa makunni. Wallahi aikin ya yi kyau, ba a magana.

"Maigida, jibi ne fa ranar komawa asibiti," in ji matarsa da ya kawo shi gida.

"Wane asibiti? Su ƙara kwantar min da ke? Ki ba ni wata biyu kawai, kullum awa ɗaya ki zauna a ciki."

Ita ma tsoron ƙarin ruwan nan take yi.

"To, yadda ka ce."

Yayarta ta zo dubiya, ta tarar da ita zaune a kujera da zoben waya a ƙirji yana ɗan kuka.

"Haba Gwani! Ƙanwar tawa fanka ce? Ka mayar da ita asibiti, don Allah."

"Yaya, da girmanki, me kika sani a harkar lantarki?"

Ta fita tana share hawaye da bakin mayafi.

Wata biyu suka zama biyar. A sana'ar Gwani, idan inji bai tashi ba, naɗin ne bai yi daidai ba, sai a warware a sake. Haka ya yi ta yi. Ta ce ƙullutun bai ragu ba, ya ƙara zagaye. Ta ce bayanta na ciwo, ya canza kaurin waya. Sau huɗu yana sake naɗin nan, jama'a, ko sau ɗaya bai kawo a ransa ba cewa ba daga wayar ba ne.

Ranar da ta kasa miƙewa daga kan sallaya, dole aka kwashe ta zuwa asibiti. Ya tafi da zoben a cikin buhu, wai ko likitar za ta nuna masa inda ya kuskure.

Likitar ta duba hotunan da aka ɗauka, ta duba abin da ke buhun. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Malam, binciken nan ana yin sa, ba ƙarya ka karanta ba. Amma faranti daban, jikin mutum daban. Su kansu masu binciken ba su gama gane abin ba, wani gwajin ya nuna canji, wani bai nuna komai ba. Ba wanda ya ce a bar magani a koma kansa."

"Abin da na haɗa ne ya cuce ta?"

"Ban ga alamar ya yi mata komai ba. Watanni biyar ɗin da aka bar magani ne. Ciwon ya kai ƙashin baya da hanta."

"To a sake, Likita. A fara daga farko."

"Za mu rage mata ciwo, mu yi iya ƙoƙarinmu ta ƙara samun lokaci. Amma damar da muke da ita wancan karon ta wuce."

Ya shiga ɗakin da aka kwantar da ita. Ya durƙusa gefen gadon, ya ce, "Ki yafe min."

Ta ɗora hannu a kansa.

"Tun wata na biyu na san ba ya aiki, Maigida. Na ga duk ranar da na saka shi kana iya cin abinci, har ka yi dariya. Sai na kasa gaya maka."

Gwani ya kifa fuskarsa a kan zanen gadon, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Bayan wata takwas Allah ya karɓi ranta.

Darasi: Ƙwarewarka a sana'arka ba ta mayar da kai likita ba, kuma abin da aka gani a ɗakin gwaji bai zama magani ba sai masana sun tabbatar da shi a jikin mutane. Duk abin da ka karanta a waya, kai wa likita ka tambaya kafin ka dakatar da maganin wani. Kai kuma marar lafiya, kada kara ta sa ka ɓoye abin da jikinka ke gaya maka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai gidan da ake shirin fasa zuwa asibiti gobe.