Ranar da Aka Ɗaga wa Caga Bindiga

Ku gyara zama. Wannan shari'a ce, ku ne alƙalai.

A tsakiyar tafkin Gwalam akwai tsibirin da caga ke sheƙa, baƙaƙen tsuntsayen nan masu dogon wuya da ke nutsewa su kamo kifi. Tun kaka da kakanni ba a harbinsu. Sai wata shekara kifi ya yi ƙaranci, komar masunta ta riƙa fitowa fayau. Masunta suka ce caga ne ke cinye musu abinci, suka matsa wa Sarkin Ruwa har ya ce zai ɗage hanin.

Wani masunci, Barmo, ya kasa haɗiye maganar. Ya san inda caga suka yi nutso nan kifi yake, in suka ƙare masunci ya makance. Ya kai kukansa ga ƙaninsa Jatau da yayarsu Kande.

Maharba ba su ma jira shela ba. Da hantsi suka nufi tsibirin. Barmo ya riga su, ya gitta kwalekwalensa, ya miƙe tsaye, 'ya'yan tsuntsaye na tsuwa a bayansa.

"Kauce, Barmo!" in ji babbansu.

"Sai na ji daga bakin Sarkin Ruwa."

Wani ya auna caga a kan reshe, harsashi ya yage wa Barmo kafaɗa. Bai zauna ba. Da suka ga jinin ɗan garinsu, babu wanda ya sake ɗaga bindiga.

Shi kuwa Jatau ya bi rafin da ke shayar da tafkin, ya tarar da matattun kifaye birjik, da wani tsoho yana zuba guba a ruwa. Uban matarsa ne. Tsohon ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Jatau ya ɗauki jarkar gubar ya juyo gari. Amma masunta suka tare ƙofar Sarkin Ruwa, suka hana shi shiga, don kada a fasa ɗage hanin.

Nan Kande ta tara mata masu bandar kifi, suka kashe wutarsu, suka zauna a ƙofar. Ta ɗaga murya ta ce, "Ranka ya daɗe, ba za mu ƙyafe ko tarwaɗa ɗaya ba sai ka saurari ƙanena." Mijinta yana cikin maharban. Ya aiko cewa in ba ta tashi ba, kada ta koma ɗakinsa. Ba ta tashi ba.

Sarkin Ruwa ya fito, ya ga jarkar, ya ji labarin Barmo, ya ce hani yana nan daram.

Barmo bai sake jefa birgin kamun kifi da hannun nan ba. Matar Jatau ta tafi gidansu. Auren Kande ya mutu. Sarkin Ruwa ya ce zai danƙa riƙon tsibirin da ruwan kewayensa ga mutum ɗaya cikin 'yan'uwan nan uku, don al'ada ba ta yarda a raba ba.

To, jama'a, wa za a ba?