Malam Danna da Shafin da Bai Duba Ba

A wata makarantar sakandare an yi wani malamin Kemistiri da ɗalibai suka laƙaba wa suna Malam Danna. Mutum ne mai ilimi, ba wanda ke musun haka, sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya zauna, ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin tebur. In ya tsaya, makullin babur ɗinsa na juyawa a yatsa. Shayi ma a tsaye yake sha, ya bar rabi a kofi ya fice. Matarsa takan tsokane shi da cewa ko ranar da aka haife shi bai jira ungozoma ta iso ba.

Sunan nan daga majigi ya samo asali. Shekarar da makarantar ta samu majigi da kwamfutoci, shugabar makaranta ta ce kowane malami ya koyi shirya darasinsa shafi-shafi a kwamfuta, a riƙa haska wa ɗalibai a farin allo. Malamai da yawa suka yi ta ja da baya. Shi kuwa kamar an sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Kafin sauran su gane inda ake kunna na'urar, ya riga ya iya sa hoto ya shigo yana juyi, rubutu ya faɗo daga sama, kibiya ta riƙa ƙyaftawa.

Da farko abin ya yi amfani ƙwarai. Abin da ya daɗe yana fama ya zana da alli, wato yadda sinadarai ke haɗuwa su rikiɗa, sai ga shi yara suna kallo da idonsu yana motsi. Har 'yan bayan aji, waɗanda aikinsu gyangyaɗi, suka fara miƙe wuya. Shugabar makaranta ta yaba masa a taron malamai, kansa ya ƙara girma.

Amma na'ura ba ta canza halin mai ita. Da can alli ne ke taka masa birki, domin dole ya rubuta, ya goge, kuma kafin ya gama yara sun kwafa. Yanzu sai ɗan rimot a tafin hannunsa. Ya danna, shafi ya fito. Kafin yara su kai rabin layi na biyu ya sake dannawa. Yana magana yana kai da kawo tsakanin ƙofa da taga, yana duba agogo, yana dannawa. Ka buɗe littafin kowane ɗalibi, sai ka ga jimloli guntu-guntu kamar ɓera ya ci. Wanda ya ɗaga hannu kuwa, sai ya nuna masa allo da haɓa, ya ce komai yana nan a rubuce, a kwafa a bi, a daina ja masa lokaci. A hankali hannuwa suka daina tashi.

Malamar Fiziks, wadda ajinta ke maƙwabtaka da ɗakin gwaje-gwaje, ita ma da majigi take koyarwa. Sai dai shafukanta kaɗan ne. Takan haska hoto ɗaya, ta kashe hasken, ta sa yara su faɗi abin da suka gani. Wata rana a ɗakin malamai ta yi masa hannunka mai sanda, ta ce yaran da ke fitowa daga ajinsa suna shigo mata kamar waɗanda aka koro, ko zai riƙa ɗan tsayawa su numfasa. Ya yi dariya, ya ce ita ta samu mota tana tura ta da hannu, shi kuwa ya kusa gama manhajar zango alhali wasu ba su kai rabi ba. Bai tsaya jin amsarta ba, ya suri kwamfutarsa ya fita.

A gidansa akwai 'yar yayarsa, autar uwarta, kowa Auta yake ce mata. Mahaifinta ya rasu, kuma gidan uwar yana da nisa da makarantar, shi ya sa ta kawo ta wurin ƙaninta don ta yi shekarar ƙarshe kusa da malami. Yarinya ce mai natsuwa, burinta ta karanci aikin haɗa magunguna. Tana cikin ajin kawun nata. Wata rana da yamma, yana cin abinci da hannu ɗaya, ɗaya hannun na kan kwamfuta, ta zauna gefen tabarma ta ce masa 'yan ajinsu suna ƙorafi ba sa ganewa, ita ma sai ta dawo gida ta buɗe littafi take fahimta. Ya ce ragwanci ne ke damunsu, zamanin jan ƙafa ya wuce. Matarsa ta sa baki, ta ce ai sauri ya haifi nawa. Ya ce da ita ta bar masa karin magana, shi aiki ne a gabansa.

Ana cikin haka sai aka zaɓe shi ya horar da malaman wasu makarantu yadda ake koyarwa da majigi. Daga ranar ya rasa sukuni gaba ɗaya. Wayarsa ba ta hutawa. Yana shiga aji da ita a kunne, ya fita da ita a kunne. Duk tunaninsa ya koma kan shafukan da zai burge malamai da su, darussan ajinsa kuwa sai a tsaitsaye yake haɗa su.

Ranar da abin ya faru, 'yan shekarar ƙarshe suna da gwaji a ɗakin gwaje-gwaje, kan yadda ake tsarma asid mai ƙarfi da ruwa. Wannan aiki yana da ƙa'ida guda da ba a wasa da ita. Asid ake zubawa a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ana motsawa. In aka juya, aka zuba ruwa a kan asid, nan take zai yi zafi ya tafasa ya fantsamo. Malam Danna ya san wannan kamar yunwar cikinsa.

Sai lokacin hutun tara ya tuna bai shirya shafin gwajin ba. Ya buɗe tsohon darasinsa, ya ga matakan a jere, rubutu zalla. Ya ce wannan ba fasali. Ya mayar da su hotuna, kofin ruwa a gefe, kofin asid a gefe, kibiya a tsakani. Ya ga launukan ba su zauna ba, ya ja wannan kofin ya kai dama, ya ja wancan ya kai hagu, ya manta da kibiyar a yadda take. Layin gargaɗi da ke ƙasa ya cushe masa shafin, ya goge shi, da nufin zai faɗa da baki. Aka kaɗa ƙararrawa. Ya rufe kwamfutar bai sake kallon shafin ba.

A ƙa'ida shi yake fara yin gwajin a gabansu, su gani, sannan su yi. Ranar ya ce ba lokaci. Ya raba su rukuni-rukuni, ya sa kowa ya saka tabarau na kariya, ya bi tebur-tebur yana zuba musu asid a kofunan gilashi. Ya haska shafin a allo. Ya buɗe baki zai yi bayani ke nan, wayarsa ta yi ƙara. Mai shirya taron horarwa ne. Ya ce da yaran su bi abin da ke allo, yana zuwa, ya fita baranda.

Rukunin Auta ne suka fara shiryawa. Ta dubi allo, ta ga kibiya ta tashi daga kofin ruwa ta nufi kofin asid. Ta dakata, domin ba haka ta karanta ba. Ta ɗaga hannu. Kawun nata yana kai da kawo a baranda, ya hango ta ta taga, ya kaɗa mata hannu alamar ta ci gaba, ya juya baya. 'Yan rukuninta suka ce mata ta yi sauri kafin ya dawo ya same su ba su fara ba, ko ta fi Malam sani ne? Ta sake duban allo. Ta ɗauki kofin ruwa ta zuba.

Sai ƙara kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Asid ya yi tsalle, gilashin ya tsage, abin da ke ciki ya kwararo mata a hannun dama, wani ya fallatsa mata a wuya. Ta ƙwalla ihu. Yara suka watse, kujeru suka kife, wasu suka yi ƙofa suna ture juna.

Malamar Fiziks ce ta fara shigowa. Ta daka wa sauran tsawa kada wanda ya taɓa komai, ta ja Auta zuwa famfo, ta sakar mata ruwa a hannu da wuya, ta yage hannun rigar da ya jiƙe. Ta riƙe ta a wurin ruwa na ta zuba, yarinyar na kuka tana fizgewa. Malam Danna ya shigo da waya a hannu, muryar mutumin can tana ta fitowa daga ciki. Ya tsaya cak.

Da shugabar makaranta ta iso, ta sa aka fita da Auta zuwa mota. Sannan ta juyo ta dubi allo, inda shafin ke nan a haske. Ta ce da shi, "Malam, karanta min abin da ka haska wa yaran nan."

Ya ɗaga kai. A lokacin ne ya fara kallon shafin da kyau. Ya dafa tebur.

A asibiti likita ya ce tabarau ya ceci idanunta, ruwan da aka yi saurin zuba mata kuma ya rage ɓarnar. Amma hannun ya ƙone sosai, musamman yatsun da take riƙe alƙalami da su, sai an yi aiki, kuma za a daɗe ana jinya. Malam Danna ya yi ta zagaye a barandar asibitin, ya je bakin ƙofar ɗakin ya dawo, ya kasa shiga. Da ƙyar matarsa ta tura shi.

Auta na kwance, hannu a naɗe. Ya durƙusa gefen gadon, ya tambaye ta me ya sa ta zuba, alhali ta san ba haka ake yi ba.

Ta ce, "Na ɗaga hannu, Kawu. Ka ce in ci gaba."



Yayarsa ta iso da la'asar, mayafinta a karkace, takalmi ma ba iri ɗaya ta saka ba. Ta duba 'yarta, ta shafa mata kai, ta saurari likita har ya gama. Sannan ta fito ta same shi. Ya fara rantse-rantse, yana cewa kuskure ne, kibiya ce ta juya, ga waya ta shigo. Ta bar shi ya kai aya. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Tun kana yaro nake bin ka da tsintar abin da ka fasa. Ban taɓa zaton har da 'yata ba. Amana na ba ka, don na ce kai malami ne. Da 'yar wani ce fa, da wane ido za ka dubi uwarta?"

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takalminsa.

Makaranta ta dakatar da shi, aka yi bincike. Horarwar da ya ɗora ransa a kai aka ba wani. Da aka mayar da shi aiki, ƙananan azuzuwa aka ba shi, aka kuma hana shi shiga ɗakin gwaje-gwaje sai da wani malami a tare da shi. Bai daina amfani da majigi ba, amma ba ya haska shafi sai ya karanta shi ya sake karantawa, kuma in yaro ya ɗaga hannu yakan tsaya har ya ji abin da ke bakinsa. Bai zo masa da sauƙi ba, don hali zanen dutse ne, kullum sai ya yi kokawa da kansa.

Auta kuwa, da aka sallame ta, uwarta ta wuce da ita gida, ta aiko aka kwashe kayanta. Lokacin jarrabawar ƙarshe ya zo yatsunta ba su iya riƙe alƙalami ba. Ranar da sakamako ya fito, Malam Danna yana tsaye a baranda yana kallon 'yan ajinta suna tsalle suna rungumar juna a bakin allon sanarwa. Ita tana gida tana matsa ƙwallon roba a tafin hannu, kamar yadda likita ya umarta. Mutumin da ya kasa ba ta minti ɗaya ya sa ta jiran shekara guda.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kayan zamani suna taimakon malami, amma ba sa ɗauke masa nauyin da ke wuyansa. Majigi abin da aka ba shi yake haskawa, daidai ne ko kuskure, kuma yara suna gaskata shi saboda sun gaskata malaminsu. Don haka duk wanda zai haska wa ɗalibai shafi, ya duba shi da kyau tukuna, ya ba su lokaci su fahimta, kuma kada ya rufe musu ƙofar tambaya. Gama manhaja da wuri ba shi ne koyarwa ba. Sau da yawa kuma, mai gaggawa ba shi kaɗai yake shan wahalar gaggawarsa ba, wanda ya amince da shi ne ya fi jin jiki.