Ƙofar da Ta Ci Idon Ɗanladi

Akwai wani ma'aikacin gidan gyaran hali mai suna Aƙilu, wanda ya tashi a Nassarawa GRA, a gidan baffansa Alhaji Sanusi. Aikin ma baffan ne ya samo masa, shi kuwa kullum gani yake ya fi ƙarfinsa.

Da aka ba shi kula da shagon walda na fursunoni, sai ofis ya ce dole ya yi kwas kan kiyaye lafiyar ma'aikata, aka ba shi zaɓi biyu. Na farko a nan Kano ne, a cikin shago, ana koyar da yadda ake kare mutanen da ke tsare daga wuta da ƙarfe. Na biyu a wani otal ne a Abuja, kan aikin rijiyoyin mai.

Baffansa ya ce, "Ɗauki na Kano, Aƙilu. Mutane aka ba ka amana, ba rijiya ba."

"Haba Baffa, takardar Abuja ce za ta kai ni kamfanin mai. Waɗancan fa ɓarayi ne, in sun damu da lafiyarsu me ya kai su can?"

Ya tafi Abuja, ya dawo da satifiket mai ruwan gwal da hotuna cike da waya. Abin da shagon walda yake bukata kuwa, ko ɗaya bai sani ba.

Cikin fursunonin akwai Ɗanladi, direba daga Kaura Goje, wanda hatsarin mota ya kawo shi. Saura 'yan watanni ya fita, an kuma ƙwace lasisinsa. Don haka ya riƙe walda hannu bibbiyu, da ita yake sa ran ciyar da matarsa Hajara da yaransu.

Ran da Aƙilu ya kama aiki, ya kwashe duk tabarau na kare ido ya kulle a ofis. Wai gilashi ne, za a iya fasawa a yi makami. Da ya yi kwas ɗin Kano, da ya san akwai na roba, ana raba su da safe a karɓe da yamma.

Ana nan sai Alhaji Sanusi ya ba shagon aikin ƙofar gidansa, don ya ƙarfafa wa fursunonin gwiwa. Aƙilu ya rantse sai an gama kafin Sallah, ya burge baffa.

Kwana kaɗan idon Ɗanladi ya kaɗa ya yi jajir, yana ta zubar ruwa.

"Yallabai, don Allah a taimaka mini da tabarau. Wallahi kamar an zuba mini yashi."

Aƙilu ya yi dariya. "Lokacin da ka take ɗan mutane, da tabarau ka gan shi? Ɗiga madara ka koma bakin aiki."

Ɗanladi ya koma. Yana goge ƙarfe da inji, gani dishi-dishi, sai ɓarɓashi ya yi tsalle ya shige idonsa na dama. Ya faɗi yana kiran sunan Allah. Ku ji rashin imani: Aƙilu ya hana a kai shi asibiti sai an kafa ƙofa, kada magana ta fita. Kafin a kai shi, ciwo ya ci na dama ya taɓa na hagu. Ɗanladi ya fita daga gidan yari Hajara tana jan sa da sanda.

Likita ya kai rahoto, aka dakatar da Aƙilu, aka fara bincike. Ya garzayo GRA, ya tarar ma'aikata suna cire sabuwar ƙofar.

Baffa bai ko ce ya zauna ba. "Ba zan riƙa shiga gidana ta cikin idon bawan Allah ba. Kuma ba zan buga wa kowa waya saboda kai ba, sai in Ɗanladi ya ce ya yafe."

Shi ke nan fa, mai hoton Abuja ya nufi Kaura Goje da buhun shinkafa. Kada ku ɗauka nadama ce, aikinsa yake ji. Ya tarar da Ɗanladi a soro, ya durƙusa a gabansa.

"Malam Ɗanladi, ni ne Aƙilu. Kuskure ne, a yafe mini."

"Na gane muryar, Yallabai. Da ita nake kwana."

"To ka ce ka yafe, ko a waya ne, Baffa ya ji."

Ɗanladi ya ce, "Ɗauki shinkafarka. Ni ba na yafe wa wanda ban gani ba. Akwai ranar da Allah zai mayar mini da idona, kai ma kana wurin. Ka jira ni, a can za mu yi maganar."

Aƙilu ya miƙe ya fita. Aka kore shi daga aiki, kamfanin mai bai kira ba, gidan baffa ma ya gagare shi shiga.

Darasi: In an ba ka amanar mutane, nemi ilimin da zai kare su, ba wanda zai ƙawata sunanka ba. Wanda ke ɗaure ma yana da haƙƙi, kuma haƙƙi ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku tura wa duk wanda lafiyar wani take hannunsa.