Layi Ɗaya a Takardar Rumasa'u

Ku gyara zama, ga wata nan na kawo muku, kuma ba ta dariya ba ce. Kai Nomau, kife wayar nan tukuna. Shekara talatin da biyar na yi ina shaƙar ƙurar alli, na ga abin haushi iri-iri, amma wannan har yau in na tuna shi sai in ji raina ya ɓaci. In na gama ku za ku yanke hukunci, ni dai na kasa.

A garinmu akwai wata yarinya, Rumasa'u, 'yar Mati mai faci. Tana aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. Makarantar tasu, ba zan faɗi sunanta ba don kunya, ta shekara biyu ba ta da malamin lissafi mai zurfi. Sai shugaban makarantar ya ɗauko malamin labarin ƙasa ya danƙa masa littafi. Shi kuma bawan Allah ya kwafe a allo, yara su kwafe a takarda, a kaɗa ƙararrawa kowa ya watse. Wai an yi darasi ke nan!

Ana haka sai gidauniyar wani attajiri, Alhaji Maikano, ta yi sanarwa: nan da wata bakwai za a yi wa 'yan aji biyu na jihar baki ɗaya jarrabawar lissafi mai zurfi. Wanda ya zo na ɗaya, za a ɗauki nauyin karatunsa har ya gama jami'a. Rumasa'u ta san in ba wannan ba, daga sakandare karatunta ya tsaya, don faci ba ya kai yaro jami'a. Ta ce wa ubanta za ta shiga. Mati bai san lissafin boko ba, amma ya san 'yarsa. Ya tashi neman mai yi mata lesin.

Na farko shi ne Malam Sallau, maƙwabcinsu, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Ranar farko bai ko buɗe littafin sakandare ba. Ya ce ta tara masa rabi da sulusi. Ta haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ta ce biyu bisa biyar. Tsohon nan ya cire hula ya maka da ƙasa. Ya aika aka sayo gurasa, ya yanka ta gida shida a gabanta. Ya ce, "Ga rabi, uku. Ga sulusi, biyu. Ke 'yar nan, kin ƙara a kan rabi, kuma kika samu abin da bai kai rabi ba? Su wa suka yi ta wucewa da ke aji-aji? Allah ya isa tsakaninki da su!" Ya mayar da ita littafin aji huɗu na firamare. Budurwa guda tana rungume da littafin ƙannenta, ƙawayenta na yi mata dariya a layi. Ta yi kuka har ta gaji, bai sassauta ba. Wata uku cur yana toshe ramukan da aka bar mata. Ranar da ta tsaya da ƙafafunta, ya rufe littafi ya ce wa Mati, "Iyakar nawa sanin ke nan. Nemo mata wanda ya fi ni."

Ta biyu ita ce Malama Kuluwa. Digiri gare ta a lissafi, sakamako mai kyau, amma shekara shida tana yawo da takardu ofis-ofis ba a ɗauke ta aiki ba, sai ta koma ɗinki a gida. Ku duba fa, makaranta babu malami, malama kuma tana taka keken ɗinki a layi na uku da makarantar! Ita ta koya wa Rumasa'u ainihin abin da za a tambaya: aljabara mai wuya, zanen jadawali, da lissafin kusurwa, wanda ake gano tsayin abu da shi ba tare da an hau ba. Ta fita da ita gindin tankin ruwan unguwa da ma'aunin kusurwa na roba da zare da ɗan dutse, suka auno tsayinsa daga ƙasa, mutane na kallonsu kamar sun zautu. Kuluwa akwai zafin rai, in yarinya ta yi nawa sai ta yage shafin. "Ba ni amsa kawai, ba ni da lokacin dogon rubutu!" Haka take cewa kullum. Cikin wata huɗu ta mayar da yarinyar nan wuƙa. Kafin ka gama karanta tambaya ta lissafa a ka, ta dangwara amsa.

Na uku shi ne Malam Iro. Malamin lissafi ne a wani gari, kuma ya shekara goma sha biyar ana kiransa makin takardun jarrabawa. Saura kwana goma sha biyu, tayar babur ɗinsa ta yi faci, ya gangaro da shi rumfar Mati. Mati, don alfahari irin na uba, ya zaro takardar gwajin da 'yarsa ta yi ya nuna masa. Tambaya ashirin, amsa ashirin, duk daidai. Iro ya zaro jan biro ya rubuta ashirin cikin ɗari. Mati ya ɗaga ƙarfen cire taya, saura kaɗan a yi abin kunya. Iro ko gezau, ya ce, "Kira mini ita." Da ta zo ya ce, "Ke, mai maki ba ya ganin cikin kanki, takarda yake gani. A wurinmu amsa maki ɗaya ce, sauran huɗun na hanyar da aka bi ne. Ni da kaina in na ga takarda amsa tsirara daga sama har ƙasa, ajiye ta nake yi gefe in rubuta ana zargin satar amsa. Wane ne ya koya miki wannan ganganci?" Kwana goma sha biyu yana zuwa bayan la'asar, yana buga rula a benci, yana tilasta mata rubuta kowane mataki, har wanda take ganin raini ne a rubuta shi. Ta tsane shi a kwanakin nan, ita ta faɗa da bakinta.

Aka yi jarrabawa. Tambayar ƙarshe, mafi tsoka, tsayin hasumiya aka ce a nemo. Lissafin kusurwa ne, irin na gindin tanki. A tsakiyarsa kuma sai an tara rabi da sulusi kafin a wuce. Ta tsara komai mataki-mataki, amma a layin ƙarshe lokaci ya ƙure, ta rubuta bakwai a wurin tara. Amsa ta kuskure. Aka zare mata maki ɗaya, aka ba ta na hanya duka. Da sakamako ya fito, Rumasa'u ce ta ɗaya a jiha, ta ɗara mai bi mata da maki biyu tak.

To, ga inda abin ya lalace. Gidauniyar tana da al'ada: wanda ya ci sai ya cika takarda, a ƙasanta akwai layi ɗaya da aka ce a rubuta sunan malamin da ya koyar da shi. Wannan malami za a kira shi gaban jama'a a yafa masa alkyabba, a karanta sunansa a rediyo, a ba shi kujerar Makka. Kun san wanda ya fara zuwa? Shugaban makaranta! Ya sha babbar riga, wai ɗalibarsa ce, sunansa ya kamata a sa. Mati ya ce, "Ranka ya daɗe, da me ka koyar da ita, da ƙararrawa?" Ya raka shi har bakin titi da maganar da ba zan maimaita ba. Wannan kam ko ni na ji sanyi a raina.

Amma su ukun fa? A zauren Mati suka haɗu, a gaban yarinya. Kuluwa ta ce, "Duk abin da aka tambaya daga bakina ta ji shi. Shekara shida ana rufe mini ƙofa, yau da za a ji sunana a rediyo sai mai kwana goma sha biyu ya tsallake ni?" Iro ya ce, "Da koyarwarki kaɗai ta shiga, da yanzu sunanta ɓarauniyar amsa. Maki biyun nan da ta ci da su, nawa ne." Malam Sallau ya buga sanda ya ce, "Ku yi mini shiru, yaran zamani! Da na bar ta tana cewa biyu bisa biyar, a kan me za ku ɗora naku? Ga furfura, ban taɓa ganin Ka'aba ba." Daga nan aka koma gori. Kowa ya juya ya ce wa yarinya in ba sunansa ta sa ba, kada ta ƙara gaishe shi.

Rumasa'u ta durƙusa ta ce, "Baba Malam, Anti, Malam, don Allah ku daidaita, ku faɗa mini ɗaya in rubuta." Kowa ya tashi ya fice. Ta tafi ofishin gidauniya ta roƙi akawu ya bar ta ta sa uku. Ya ce, "Layi ɗaya, suna ɗaya. In kin sa biyu takarda ta ɓaci, in kin bar shi fayau ba ta cika ba. Ranar Alhamis da azahar nake rufewa, in ban ga taki ba, mai bi miki zan kira."

Abin da ke cin raina ke nan. Mutum uku masu ilimi, kowa ya yi wa yarinya abin da ba ta iya biya, kuma aka rasa ɗaya da zai ce 'yata, sa sunan wancan, je ki yi karatunki. Ba na cewa wani a cikinsu ƙarya ya yi. Cire Sallau, babu tushe. Cire Kuluwa, ba ta san ko tambaya ɗaya ba. Cire Iro, an jefar da takardar. Gaskiyarsu ce duka, kuma da gaskiyar tasu suka shaƙe ta.

Alhamis ta zo. Rana ta take tsaka, ladan ya fara gyara lasifika. Rumasa'u na zaune a bencin ofis, takarda a cinya, biro a hannu, ido ya kumbura, akawu na duban agogo. Duk sunan da ta sa, ta yi asarar mutum biyu da suka gina ta. In ba ta sa ba, ta yi asarar jami'a.

To, jama'a, na miƙa muku biron. Tsakanin wanda ya yanka gurasa, da wadda ta auna tanki, da mai jan biro, sunan wa za ta rubuta a layin nan?