Kafintan da Ya Ɗaure Injinsa a Lungu

Akwai wani mutum, kafinta ne, yana aikinsa a wani ɗan ɗaki cikin gidansa. Ɗakin bai fi taku biyar ba a tsawo, ga shi cike maƙil da guntayen katako, da karyayyun kujeru, da gwangwanayen fenti da suka bushe tun bara waccan. Mutumin nan ba ya iya zubar da komai. In ya ɗauki guntu zai jefar, sai zuciyarsa ta ce, "In ka bukace shi gobe fa?" Sai ya mayar.

Ana nan sai wansa da ke birni ya tsufa, ya ajiye sana'a, ya aiko masa da injin fere katako. Irin injin nan ne da ake tura masa katako ta baki ɗaya, ya ja shi da kansa, ya fitar da shi ta ɗaya bakin sumul, kaurinsa daidai daga farko har ƙarshe.

Maimakon murna, sai fargaba ta kama kafintan. In ya ajiye shi kusa da ƙofa, masu wucewa za su gani, labari ya kai kunnen ɓarayi. In ya ajiye shi a tsakiya, can ne kwano yake yoyo da damina, tsatsa ta cinye wuƙaƙensa. Kwana uku yana zagaya injin da abin awo a hannu. A ƙarshe ya ga wani lungu can ƙurya, ya auna faɗin injin, ya auna lungun, suka zo daidai. Ya ƙera masa tebur mai ƙarfi, ya ɗora shi, ya ɗaure ƙafafun teburin a ƙasa da noti huɗu, ya matse su tam. Ya lulluɓe shi da leda, ya ƙara buhu a kai.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, injin nan aiki aka aiko shi yi, ko kurkuku aka ce ka sa shi?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san darajarsa ba. A nan ba ruwa, ba ido."

Ta ce, "To, na ga inda katako zai shiga. Ta ina zai fita?"

Sai ya ɗauki wani ɗan guntu, bai fi kamu ɗaya ba, ya tura a injin. Guntun ya fito ta baya ya faɗi ƙasa, yana ƙyalli. Ya ce, "Kin gani?" Ta juya ta koma madafa.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Mama Kezaya, wata gwauruwa daga ikilisiyarsu, an ɗauko mata wani dogon katako na maɗaci a amalanke. Ta ce, "Ɗana, marigayi maigidana ne ya sare itacen nan a gonarsa, ya ajiye katakon shekara shida don a yi wa majami'a teburin Jibin Ubangiji, inda ake gutsuttsura gurasa. Bai ga ranar ba. Shi ke nan guda ɗaya, ba wani. Ina so in gan shi a majami'a ran Lahadin Ista, tun idona yana gani."

Kafintan ya shafa katakon. Ya ce, "Mama, da yardar Allah."

Kashegari da hantsi ya yaye buhu da leda, ya kunna injin. Ya ɗaga katakon da ƙyar, ya sa bakinsa, injin ya cafke ya fara ja. Garin katako yana tashi ja wur, ƙamshi ya cika ɗakin. Kafintan yana murmushi, sai ya ɗaga kai ya dubi bayan injin.

Bango ne a wurin. Katakon ƙafa takwas ne, tsakanin injin da bango kuwa bai kai ƙafa uku ba.

Ya riƙe katakon ya ja baya da dukan ƙarfinsa, amma injin nan in ya kama, ba ya saki. Ya so ya ture injin gefe, ga noti huɗun da shi da kansa ya matse. Ya miƙa hannu wajen makunni, tarin karyayyun kujeru ya tare shi. Kafin ya tsallake su, sai ya ji "ƙum!" Katakon ya daki bango ya tsaya cik, wuƙaƙen kuwa suna ta juyawa a wuri ɗaya, har ƙauri ya tashi.

Ya kashe injin. Ya murɗa hannun injin ya ɗaga wuƙaƙen, ya zaro katakon a hankali. Bai tsage ba. Amma ga wani baƙin rami a gicciye, inda wuƙa ta ci ta ƙone. Kafintan ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, yana cewa, "Wayyo, me zan faɗa wa Mama Kezaya?"

Matarsa ta shigo da gudu, ta dubi katakon, ta dubi bangon. Ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Sai ta naɗe zani ta ce, "Tashi, Maigida. Kawo sifana mu kwance notin nan."

Suka kwance notin nan huɗu. Suka kwashe guntaye da kujeru da gwangwanaye waje, har tsakar gida ta cika. Kafintan ya hau sama ya toshe inda kwano yake yoyo. Ya sa wa teburin injin tayoyi masu birki, domin in aiki ya zo a jawo shi tsakiyar ɗaki, bakinsa yana duban ƙofa, bayansa fili. In an gama a share shi, a rufe, a mayar da shi lungu.

Sa'an nan ya tafi gidan Mama Kezaya, ya durƙusa ya faɗi gaskiya duka. Tsohuwar ta zo ta ga tabon, ta daɗe tana shafa shi da yatsa. Can ta ce, "Ɗana, ai katako fuska biyu gare shi. Juya wannan ƙasa, ka fere ɗayar."

Ran Lahadin Ista tebur yana gaban majami'a yana sheƙi. Mama Kezaya ce ta shimfiɗa masa farin ƙyalle da hannunta.

Ma'anar wannan misali ita ce: injin nan Maganar Allah ce, ɗakin kuwa zuciyar mutum. Da yawa cikinmu mun karɓe ta, muna kuwa ganin girmanta ƙwarai. Amma mun auna mata wurin ajiya, ba mu auna mata wurin aiki ba. Mun ba ta safiyar Lahadi, mun ɗaure ta a can, mun lulluɓe. Tarkacen nan da kafintan ya kasa zubarwa, su ne tsohon fushi, da riƙo, da halayen da muke cewa, "Wataƙila zan bukace su gobe."

Muddin guntaye muke kawowa, wato ƙananan al'amuran yau da kullum, sai mu ga kamar komai lafiya. Amma ranar dogon katako tana zuwa: rasuwa, ko ciwo mai tsawo, ko ɗan'uwan da ya cuce ka ya zo neman gafara. A ranar ce mutum yakan ga bangon da ya bari a bayan Maganar.

'Yan'uwana, kada mu jira sai mun ji "ƙum". Tun yau mu kwance notin, mu fitar da tarkace, mu jawo Maganar tsakiyar ɗaki. Wanda kuma ya riga ya daki bango, kada ya zauna riƙe da kai. Ya tashi ya faɗi gaskiya. Tabon nan yana ƙarƙashin teburin har yau, kuma a kan wannan teburin ake gutsuttsura gurasa.